Ranar Asara, Wa Zai Biya? Sharhi Kan Zaɓen Gidan Ajiyar Kaya

A daren 31 ga Disamba, 2018, mutanen Landan na shirin tarbar sabuwar shekara, gobara ta tashi a wani katafaren gidan ajiyar kaya na kamfanin Shurgard da ke unguwar Croydon a kudancin birnin. Ɗakuna 1,198 ne a cikin ginin, kowanne da mai hayarsa, kowanne da kwaɗonsa a rufe gam. Motocin kashe gobara 20 da 'yan kwana-kwana kimanin 120 suka yi ta fama, amma ko ɗaki ɗaya bai tsira ba. Abin da ya ƙone ya haɗa da kayan ɗakin mutanen da ke jiran tarewa a sabon gida, da hajar ƙananan 'yan kasuwa, da hotuna da takardun iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Ɓarawo bai ɗauki ko tsinke ba a wannan dare, kwaɗuna sun yi aikin da aka saye su dominsa, amma masu kaya suka wayi gari hannu rabbana. Da hayaƙi ya lafa, tambaya ɗaya ce ta rage a bakin kowa: wa zai biya? Amsar kuwa ta daɗe a rubuce cikin takardar da kowannensu ya sa wa hannu ranar da ya karɓi ɗaki, kuma da yawa daga cikinsu sun koka cewa inshorar da suka ɗauka ba ta kai darajar abin da suka rasa ba.

Da wannan tambaya ya kamata mai neman wurin ajiya ya fara, amma yawanci ita ce ake bari sai ƙarshe, in ma an tuna da ita. Mutum zai dubi tsawon katanga, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, ya gaisa da maigadi, ya tambayi kuɗin wata, shi ke nan ya kwaso kayansa. Duk waɗannan shiri ne na tarar ɓarawo, alhali ɓarawo ɗaya ne kawai daga cikin maƙiyan kayan ajiya. Akwai wuta, akwai ruwa, akwai laima da gara, sannan akwai wanda ba a cika lissafawa da shi ba, wato sharaɗin da ke kwance a takardar yarjejeniya. Hujjar wannan sharhi ita ce, amincin wurin ajiya ana auna shi ne da abin da zai faru ranar asara: me aka rubuta, yaya aka yi ginin, kuma a wuyan wa asarar za ta rataya. Wanda ya sami gamsasshiyar amsa kan waɗannan uku ya sami wurin ajiya. Wanda bai samu ba ya sami ɗaki ne kawai mai ƙofa.

Sana'ar ba da hayar ɗakunan ajiya a Amurka ta girma. A jihar Texas irin waɗannan ɗakuna suka fara yaɗuwa a shekarun 1960, kuma a 1972 aka kafa kamfanin Public Storage a Kalifoniya, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan sana'ar a duniya. Yau akwai irin waɗannan gidaje kusan 50,000 a Amurka, kuma kimanin iyali ɗaya cikin kowane goma na biyan hayar ɗakin ajiya. Tsarin mai sauƙi ne: ana yanka babban gini ƙananan ɗakuna, daga mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 5 har zuwa wanda mota za ta shiga, mutum ya kama ɗaya da kuɗin wata, ya zuba kayansa da kansa, ya sa kwaɗonsa, ya tafi da makullinsa. Daga can sana'ar ta haura Birtaniya da sauran Turai da Afirka ta Kudu, yanzu kuma ta fara leƙo Legas da Abuja. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje sun riga sun san ta. A gida ma, ko da babu allon kamfani, abin da ake yi kenan duk lokacin da aka kama sito a bayan kasuwa, ko kwantena a wani fili, ko shagon da babu kowa, don a zuba kaya a rufe. Masu buƙatar kuwa ba su ƙirguwa: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da magidancin da mai gida ya ba notis, da matar da aure ya mutu aka kwaso kayan ɗakinta gidan iyaye babu wurin sa su, da magada masu jiran rabon gado, da ɗalibin da yajin aiki ya kora gida, kamar wanda malaman jami'o'i suka yi na wata takwas a 2022.

Ajiya ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Manomi ya san rumbu, ya san dalilin da ya sa ake ɗora shi a kan duwatsu a raba gindinsa da ƙasa. Fatake masu safarar goro daga Gwanja da masu kai shanu Kurmi sun san fatoma, mai masaukin da ke sauke baƙo, ya adana masa haja, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. A unguwar Sabo ta Ibadan wannan tsari ne ya riƙe cinikin goro da shanu shekara da shekaru. Ginshiƙinsa kuwa amana ce, kalmar da ke da nauyi a zuciyar Musulmi tun daga tarihin Hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi. Sai dai a lura da abu biyu game da fatoma: ya san abin da ke cikin sitonsa, kuma makullin yana hannunsa. Saboda haka idan kaya ya salwanta an san ƙofar da za a buga, kuma sunansa a kasuwa shi ne jinginarsa. A gidan ajiya na zamani an juya wannan tsari gaba ɗaya. Mai gini bai ga abin da ka zuba ba, bai ƙirga ba, ba ya riƙe makulli. Matsalar ita ce mutane da yawa na shiga sabon tsarin da tsohuwar zuciya, suna jin sun ba da amana alhali haya suka kama.

Bambancin nan ba wasa da kalmomi ba ne, domin fiƙihu da dokar zamani duka sun gina hukunci a kansa. Malaman Malikiyya sun raba wadi'a, wato ba da ajiya, da ijara, wato haya. Mai karɓar wadi'a amintacce ne, ba ya biyan abin da ya halaka sai idan ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri, kamar ya yi amfani da kayan ba da izini ba, ko ya sa su a wurin da bai dace da irinsu ba. Amma ko ba komai tsaron kayan wajibinsa ne. Mai ba da haya kuwa abin da ke kansa shi ne ya miƙa wuri mai amfanuwa, tsaron abin da ke ciki na mai haya ne. Dokar Ingila, wadda Nijeriya da Gana suka gada, ta bi hanya makamanciyar wannan: wanda ya karɓi kayan wani a hannunsa, musamman da lada, idan suka ɓace shi ne zai kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Kamfanonin ɗakunan ajiya sun san wannan sarai, shi ya sa takardunsu kan faɗa ƙarara cewa su ba masu karɓar ajiya ba ne, wuri kawai suka bayar, kuma kaya na zaune ne bisa kasadar mai shi. Makullin nan da mutum ke alfahari da cewa shi kaɗai ke riƙe da shi, shi ne kuma shaidar cewa nauyin kayan bai taɓa barin kafaɗarsa ba. Mai kaya ke tsoron fashi, in ji magabata, kuma a wannan tsari maganar ta zama doka.

Shi ya sa binciken farko a kan tebur ake yin sa, kafin a leƙa ɗaki. A nemi takardar yarjejeniya a tafi da ita gida, a karanta a natse, wanda bai iya harshen da aka rubuta ta da shi ba ya nemi mai karanta masa wanda ba ma'aikacin wurin ba. Abubuwan dubawa sanannu ne. Shin mai wurin ya ɗauki alhakin wani abu, ko da asarar da ta faru saboda sakacin ma'aikatansa ce, ko kuwa ya wanke hannunsa daga komai? Idan ya ɗauka, har zuwa nawa? Takardu da yawa kan yanka iyakar darajar kayan da aka yarda a ajiye, ta yadda duk abin da ya haura wannan adadi ba a ma san da zamansa ba. Waɗanne kaya aka hana shigarwa? Wa ke da ikon buɗe ɗakin ba da sanin mai shi ba, kuma a wane hali? Kwana nawa za a ba mutum kafin a ƙara masa kuɗi? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A Amurka akwai kamfanonin da ke karɓar dala ɗaya tak a watan farko, saboda sun san wanda ya riga ya yi hayar mota da 'yan dako ya jera kayansa ba zai so sake kwasa ba don an ƙara masa wani abu bayan 'yan watanni. Araha ba ta ado, kuma arahar watan farko ƙugiya ce. Idan kuma mai wuri ya ce shi ba ya rubutu, magana ta isa, to ya riga ya ba da amsar tambayar da aka zo da ita.

Sharaɗin da ya fi kowanne haɗari shi ne na rashin biya. Dokokin jihohin Amurka sun ba mai gidan ajiya damar riƙe kaya a matsayin jingina idan kuɗin haya ya makara, daga nan ya yi gwanjonsu bayan ya aika sanarwa. A Kalifoniya makarar kwana 14 ta isa a fara wannan mataki. Abin ya zama ruwan dare har tashar talabijin ta A&E ta gina shiri guda a kansa tun 2010, mai suna Storage Wars, inda 'yan gwanjo ke tayin ɗakunan da masu su suka gaza biya. Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Malcolm X, jagoran baƙaƙen fatar Amurka da aka kashe a 1965. A 2002 wasiƙunsa da hotunansa da littattafan da ya rubuta tafiyarsa ta Makka da Afirka a ciki, har da Alƙur'aninsa, suka ɓulla a hannun wani gidan gwanjo a San Francisco. Da aka bi sawu sai aka tarar an ajiye su ne a wani ɗakin haya a Florida, kuɗin ya makara, aka sayar da abin da ke ciki. Sai da iyalinsa da masana suka tashi tsaye kafin a dakatar da gwanjon, kuma a 2003 aka miƙa takardun ga cibiyar Schomburg da ke New York. Babu wanda ya fasa kwaɗo, doka ce ta buɗe ƙofar. Darasin ga mai ajiya a ko'ina shi ne ya san kwana nawa ne tsakanin makara da gwanjo, ta wace hanya za a sanar da shi, sannan ya bar lambar wayar mutum na biyu da za a nema idan shi ba ya kusa. Tafiya da jinya da mutuwa ba sa ba da notis, kuma yawancin masu ajiya mutane ne da rayuwarsu ke cikin sauyi.

Bayan takarda sai wuta, kuma a nan ba mu buƙatar aron misali daga Landan. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, a Maris na shekarar ta Katsina ta bi sahu, a Fabrairun 2023 kuma Kasuwar Monday ta Maiduguri. Yawancin irin waɗannan gobara da dare ko da asuba suke tashi, a lokacin hunturu ko bazara, sa'ad da komai ya bushe ƙayau kuma babu kowa a kusa. Haɗarin ɗakin ajiya na musamman shi ne maƙwabcin da ba ka sani ba. Kai ka zuba littattafai da katifu, na kusa da kai ya shigo da jarkar fetur ko tukunyar gas ko batura, kuma abin da ya raba ku bai wuce fallen kwano ba. Don haka dokar hana shigar da abin da ke kama wuta ba takura ba ce ga mai haya, kariyarsa ce, kuma wurin da ba ya tambayar kowa abin da ya kawo wuri ne da bai damu da kowa ba. A ɗaga kai a dubi wayoyin lantarki: suna cikin bututu ko suna lilo? Ina aka ajiye janareto da mansa? Bangon da ke tsakanin ɗakuna na bulo ne har rufi, ko katako ne? Akwai na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi hayaƙi, da tukwanen kashe wuta waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba? Mafi muhimmanci, motar 'yan kwana-kwana za ta iya isowa ƙofar, ko rumfuna sun toshe hanya? Sau da yawa abin da ke mayar da ƙaramar wuta babbar musiba shi ne lungun da mota ba ta shiga.

Ruwa ya fi wuta haƙuri amma bai fi ta tausayi ba. A Agustan 2022 ruwan sama ya malale shaguna a Kantin Kwari, ya lalata atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, aka kuma ɗora laifin kan gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Wanda ya je duba wuri a watan Janairu ba zai ga wannan ba sai ya nema. Alamun suna nan ga mai lura: layin da ruwa ya zana a gindin bango, fentin da ya kumbura, tsatsa a ƙasan ƙofa, tabo a silin, warin fumfuna da ke tarar hanci da an buɗe ɗaki. Daɓen ɗakin ya fi titi tudu ko titi ya fi shi? Malaman fiƙihu suna da kalma mai amfani a nan, hirzi, wato ma'ajiyar da ta dace da irin kayan, domin inda ake ɗaure doki ba nan ake ajiye zinariya ba. Kwantenar ƙarfe na iya zama hirzin kayan gini, amma a zafin Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, cikinta tanda ne: roba ta narke, fata ta tsage, kayan lantarki su lalace. Ɗakin ƙasa mai laima kuwa aljannar gara ce, wadda kan cinye akwatin littattafai daga ciki ta bar bayansa lafiya lau. Hikimar mai rumbu ita ce maganin: a ɗaga kaya daga ƙasa a kan katako ko bulo, a janye su daga bango, a bar iska ta zagaya, kada a haɗa su da hatsi ko wani abinci da zai gayyato ɓera.

Mai karatu na iya cewa, a ƙasar da sata da fashi suka yi yawa, ai ɓarawo ne ya kamata a sa a gaba. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai cewa a yi sakaci da kwaɗo. Akwai kwaɗo mai zagaye wanda wuyansa ke ɓoye, almakashin yanka ƙarfe ba ya samun wurin kamawa, ya fi wanda ake saye a bakin titi nesa ba kusa ba. Amma kwaɗo mai kyau a kan sakata mai ruɓaɓɓen ƙusa ado ne, kuma ɗakin da bangonsa bai kai rufi ba ƙofa biyu gare shi. Kyamarar tsaro ma haka: a tambaya ko tana aiki idan an ɗauke wuta, kwana nawa take adana hoto, kuma wa ke kallonta. Kyamarar da ke mutuwa da ɗaukewar lantarki tana barci ne daidai lokacin da ɓarawo ke farkawa. Abin da ya fi duka shi ne sanin masu shiga da fita, domin da ɗan gari akan ci gari. Satar ɗakunan ajiya sau da yawa aikin wanda ya shigo ta ƙofa ne: wani ya kama ɗaki don ya sami damar zagayawa, ko ma'aikacin da ya san wanda ya yi tafiya. Wurin da ya matsa maka da neman katin shaida da hoto, ya rubuta sunanka duk zuwanka, haka yake matsa wa kowa, kuma wannan alheri ne. Dalilin da ya sa ɓarawo bai hau kan jerin ba shi ne, ɓarawo zaɓe yake yi, ya ɗauki talabijin ya bar takardu, kuma akan kama shi wani lokaci. Wuta da ruwa ba sa zaɓe, ba a kuma kai su kotu.

Tunda mai gini ya janye hannunsa, wanda ya rage ya biya shi ne inshora, kuma a nan ma akwai ramuka. Na farko, inshorar da mai gini ya yi ta ginin ce, ba ta shafi abin da ke ɗakinka ba. Na biyu, mutane kan rage darajar kayansu a takarda don kuɗin wata ya yi sauƙi, ba su san cewa yawancin kamfanoni na biya ne gwargwadon abin da aka bayyana ba: wanda kayansa suka kai naira miliyan huɗu ya rubuta miliyan biyu, idan rabi ya ƙone rabin asarar za a ba shi. Na uku, akwai abubuwan da akan cire daga lissafi, kamar ambaliya da ɓarnar ƙwari da fumfuna, sai an tambaya a ji. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba saboda shubuhar riba da garari yana da mafita, domin tun 2013 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a Nijeriya, tsarin da mahalarta ke haɗa gudummawa don tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, kuma akwai kamfanonin da ke gudanar da shi. Kowace hanya aka bi, ba ta aiki sai da hujja. A rubuta jerin kayan, a ɗauki hotonsu da waya kafin a rufe ƙofa, a adana rasiɗai, a ajiye kwafin duka a wani wuri dabam. Wanda ya bar jerin kayansa a cikin ɗakin da ya ƙone ya yi asara biyu.

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce ga al'ummar da ke da zumunci. Me zai sa a biya baƙo alhali ga ɗakin da babu kowa a gidan kawu? Gaskiya ne ajiya a wurin dangi ta rufa wa mutane da yawa asiri, kuma ga ɗan gajeren lokaci da kaya marasa yawa ita ce ta fi. Amma a faɗi gaskiya game da farashinta. Biki ya taso an ari kujeru, baƙi sun zo an shimfiɗa katifa, yara sun buɗe akwati, ɗakin ya fara yoyo babu wanda ya lura. Ranar da mai kaya ya dawo ya ga giɓi, kunya ta hana shi magana, ko kuma ya yi magana zumunci ya tsinke. A shari'a ma, idan babu sakaci babu biya, sakaci kuwa wa zai tsaya ya tabbatar da shi a kan yayarsa? Kuɗin da ake ba baƙo wani lokaci fansar zumunci ne. Idan kuma dole sai gidan dangi, to tambayoyin nan dai su ne: rufin yana yoyo, wa ke riƙe makulli, me aka ƙirga, a gaban wa.

Wasu kuma kan ce neman rubutu da shaidu alamar rashin yarda ce, shirya wa gobarar da ba ta zo ba kuwa raunin tawakkali ne. Addinin da ake jingina wannan magana da shi bai goyi bayanta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka saukar da ita. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya karɓi ajiya a gaban shaidu, a gaban shaidu zai mayar. A hadisi ma, mai raƙumi an umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah. Rubutu ba tuhuma ba ce ga mutumin da ke gabanka, kariya ce daga mantuwa da mutuwa, domin watakila ba shi za ka tarar ba ranar ɗauka, ɗansa ne ko wanda ya sayi ginin, kuma watakila ba kai za ka zo ba, marayunka ne.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na kuɗi: wurin da ya cika waɗannan sharuɗɗa tsada gare shi, talaka ba zai iya ba. Haka ne, amma amsar ba ita ce a koma wuri maras aminci ba, a rage kayan ne. A ƙaddara kujeru da gado da kabad sun kai naira dubu 400, hayar ɗaki kuma dubu 25 a wata. Cikin wata 16 an biya kuɗin kayan gaba ɗaya, su kuwa suna ta tsufa a duhu. Irin waɗannan gara a sayar, ko a ba mabuƙaci a sami lada. Daga ɗaya gefen kuma akwai abin da bai kamata ya kwana a ɗakin haya ba ko da kyauta ne: takardun fili da na gida, shaidar karatu, fasfo, zinariya, tsabar kuɗi, da duk abin da babu kasuwar da ke sayar da madadinsa, kamar rubutun hannun kakanni. Inshora na biyan kuɗi, ba ta dawo da Alƙur'anin da mahaifi ya rubuta da tawadarsa. Gida biyu maganin gobara: a raba, mai daraja ya zauna kusa da jiki, takardu a yi musu kwafi. Abin da ya rage tsakanin waɗannan biyu, wanda ya fi ƙarfin a zubar kuma ana iya maye gurbinsa, shi ne ainihin kayan ɗakin ajiya, kuma yawanci ƙaramin ɗaki a wuri mai kyau ya ishe shi.

Gani ya kori ji, saboda haka kada a kama wuri ta waya ko ta hoton intanet. A je da rana, a koma da magariba a ga ko fitilu na ci, ko maigadi na nan. In da hali a je bayan an ɗauke ruwan sama. A tsaya wurin mai shayi ko mai faci da ke kusa a tambaye shi ko ruwa na kwanciya a layin, ko an taɓa fasa wurin, domin shi ba ya cin komai a cinikin. Bayan an zuba kaya kuma a riƙa leƙawa lokaci lokaci, yoyon da aka gani a satin farko bokiti ne maganinsa. Hukumomin kashe gobara da na tsara birane su ma suna da aiki a gabansu, tunda sana'ar na shigowa garuruwanmu: ya kamata a san ƙa'idar ginin da za a tara dukiyar ɗaruruwan mutane a ciki, da wa'adin da za a ba mai haya kafin a taɓa kayansa. Kafin a kai can, kariyar mai kaya tana bakinsa. Ya zauna gaban mai wurin, makulli bai shiga hannunsa ba tukuna, ya ce: Alhaji, Allah Ya kiyaye, amma idan wuta ta tashi ko ruwa ya shigo ko na yi wata uku ban biya ba, me zai faru da kayana, kuma a wane layi aka rubuta? Mai gaskiya zai jawo takarda ya nuna masa da yatsa. Wanda ya ɓata rai ko ya ce ai ba za a yi haka ba, ya taimaka shi ma, domin ya faɗi tun yau abin da zai faɗa ranar asara.